Hannun Hagun Rabo

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Rabo bai zo shan shayi ba. Shekara da shekaru, duk safiyar Allah sai ya biyo ta shagona na maganin dabbobi kafin ya wuce kasuwar bisashe wajen dillancinsa na awaki. Ya zauna kan buhun dusa, ya shanye mini finjali biyu, sannan ya ce shayina ruwan wanki ne. Yau na dafa, na jira har ya huce, na sha abina ni kaɗai.

Wataƙila gajiyar bikin shekaranjiya ce. Tun la'asar muke kiɗa har magariba, shi a ƙwarya, ni a bas, gitar nan mai kaurin murya, Yazidu shugabanmu a gita yana waƙa. Mai shekara hamsin da biyu ai dole ya gaji. Kuma Rabo ɗan kawuna ne, taubashina, tun ina rarrafe yake tsokanata ina ramawa. Kowa a Dakoro ya san ina ce masa barana, yana ce mini baransa. Abin da ya fi na ranar Asabar ma mun faɗa wa juna.

Ba wani abu ba ne.

Talata, 15 ga Oktoba, safe

Bai zo ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun haɗu gidan Yazidu don gwaji kamar kowace Laraba. Ƙwaryar tana kife kan bargonta a gefen zaure, mai ita bai zo ba. Muka yi waƙa biyu ba ƙwarya, abin duk ba daɗi, kamar miya ba gishiri. Yazidu ya ajiye gita.

"Zakari, ka ga bidiyon?"

Na ce wane. Ƙarya nake, na gani. Mutum huɗu suka turo mini.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ranar Asabar, a tsakiyar waƙa ta uku, hannun hagun Rabo ya kama rawa a kan ƙwarya. Zobban da ke yatsunsa suna ta kar-kar-kar, kiɗa ya watse, masu rawa suka tsaya. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya iya zama, na jawo mikoro na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, baran nan nawa ya mance inda yake, ya ɗauka garin tuwo anka ba shi tankaɗe." Ban tsaya nan ba. Na ɗaga hannuna na kwaikwaya. Fili ya kwashe da dariya. Rabo ma ya yi dariya, har ya fi kowa.

Yazidu ya ce akwai biki a ƙauyen Mai Yara ranar biyu ga wata mai zuwa, mutanen kirki ne, tun kafin a yanke gero suka kama mu. Ya ce ya yi magana da wani a Maraɗi mai piyano, irin wanda kake danna maɓalli ya yi ta buga ganga da kansa.

"In Rabo ba shi iyawa, shi hwaɗa mani. Ba ni kai mutane Mai Yara in ji kumya."

Na ce zai iya. Ya dube ni, irin kallon nan na wai kai ne za ka faɗa.

Shekara goma sha huɗu Rabo na kan ƙwaryar nan. Shi ya kawo ni cikin ƙungiyar ma.

Alhamis, 17 ga Oktoba, azahar

Na je gidansa. Tun a hanya nake shirya maganar da zan yi, har na haddace ta kamar karatun 'yan makaranta a lakwal.

Yana zaune a inuwar bedi, hannun hagu cikin aljihun riga. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"A'a, ga barana ya zo gaida ubangidanshi. Mi ka kawo mani? Ko hannu biyu ka taho kamar kullum?"

Na ce, "Rabo, maganar ran Assabar…"

"Wace? Ta tankaɗe? Wallahi ka ci ni, ɗan banza. Amma ka jira, ina nan ina dahwa maka taka."

Ya yi dariya, dole ni ma na yi. Muka yi hirar farashin awaki, da yadda kaka ta yi kyau wajen Tagriss. Hannun bai fito daga aljihu ba har na tashi.

A bakin ƙofa na haɗu da matarsa Hawwa'u. Ita da kullum sai ta ce mini mijin banza, yau cewa ta yi, "Sannu Malam Zakari." Malam. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Na biya wajen Inna, mahaifiyata. Ita ce ƙanwar baban Rabo, a bayanta ya yi wayo. Na ce mata ina so in tara mutum biyu in je in ba shi haƙuri yadda ya kamata. Ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa.

"Haƙurin mi? Ka taɓa jin an ba taubashi haƙuri kan wasa?"

Na ce wannan ya wuce wasa.

"To shi ke nan, je ka hwaɗa mai haka. In ka ba shi haƙuri, ka ce ba wasa ba ne. In ba wasa ba ne, to gaskiya ka hwaɗa gaban mutane, hannunshi ya lalace. Shi kuma ba shi da ikon yin hushi da kai, duniya sai ta yi mai dariya ta biyu. Ka ɗaure shi, ka ɗaure kanka. Tashi ka ba ni wuri."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ina da shekara arba'in, na fito daga gidan uwata kaina a ƙasa.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Ba ciniki. Na sa abin kunne ina sauraren tsoffin bukukuwanmu da ke cikin waya. Da niyyar in ji bas ɗina na kunna, kamar yadda na saba, sai kunnena ya tafi kan ƙwarya.

Hannun dama na Rabo dunƙule ne, shi ke ba da dum mai nauyi. Wannan na sani, da shi nake tafiya. Amma hagu, mai zobba, shi ke cike duk tsakanin. Kas. Kas-kas. Ashe ƙafar masu rawa ba dum take bi ba, wannan ƙaramin kas ɗin take bi. Shekara goma sha huɗu ina tsaye kusa da shi ban lura ba.

Sai na tuna Abdoulaye, wani mai bas a Maraɗi. Shekarun baya ya nuna mini wani bugu da suke ce wa not mort, mataccen sauti. Ka ja tsirkiya amma kar ta yi kuka, ta ce tuk kawai, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. A lokacin na ce masa mutum ya sayi gita da tsada don ya hana ta magana? Ban koya ba.

Idan hannun dama na Rabo lafiya yake, kuma lafiya yake, to kas ɗin kaɗai aka rasa. Idan bas zai iya cewa tuk a daidai wurin...

Na tura wa Abdoulaye saƙon murya. Ban gaya masa dalili ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma

Ya amsa. Ya ce, "Kar ka danne. Ɗora yatsun hagu bisa tsirkiya kamar kana taɓa goshin jariri ka ji ko da zazzaɓi. Sannan ka ja da dama yadda ka saba. Kuma kar ka zauna kana tuk-tuk a banza, ɗauki waƙa guda da ka sani ka sa shi ciki."

Na ɗauki "Rijiya Gaba Arba'in", ita ce mai sanyi a cikin waƙoƙinmu. Dum, kas, dum dum, kas. Wajen dum in danne in ba da sautina, wajen kas in saki amma kar in ɗaga yatsa.

A baki da sauƙi. In na saki da yawa sai tsirkiya ta buɗe ta yi ruri. In ban saki sosai ba sai ta yi wani zzz kamar ƙuda a kwalba. Yatsuna sun saba da abu biyu, dannewa da ɗagawa. Tsakaninsu ba su san shi ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, safe

Bai zo ba. Na rage ganyen shayi.

Talata, 22 ga Oktoba, azahar

Na kawo bas shago, ina gwaji tsakanin masu saye. Wata matsala kuma: in na ɗora yatsa ɗaya a kan ƙarfe na biyar ko na bakwai na wuyan gitar, maimakon tuk sai ta yi wani tiiin siriri kamar ƙararrawar keke. Na sake damun Abdoulaye. Ya ce yatsa ɗaya ba ya kashe tsirkiya, sai biyu ko uku, a shimfiɗe, kuma in kauce wa waɗannan wuraren. Na gwada. Tuk. Na farko na gaskiya ke nan, bayan kwana uku.

Wani makiyayi ya zo sayen maganin tsutsa, ya tsaya yana kallona da sandarsa a kafaɗa. Can ya ce, "Mai shago, abin nan naka tari yake yi. Ba ka da maganinshi cikin kwalaben nan?"

Na yi dariya ta gaske, karo na farko tun ranar Asabar ɗin can. Sai kuma na ji haushin kaina da na yi.

Laraba, 23 ga Oktoba, magariba ta kusa

Gwaji. Rabo bai zo ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, la'asar

"Rijiya" ta zauna. Na bi ta da wayar sau biyar a jere, kas ɗin Rabo da tuk ɗina suna faɗuwa wuri ɗaya har ba na iya raba su. Na shiga "Jakin Ɗangoggo". Nan kas biyu ne a manne, kas-kas, sai yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, sun yi bi da bi da sauri. Na tsakiya rago ne, kullum sai ya makara.

Matata Rahinatu ta ce kwana biyar ke nan ba ta ji waƙa a gidan nan ba sai ƙwanƙwasa, har sau biyu tana zuwa buɗe ƙofa. Ta tambaye ni ko gitar ta lalace. Na ce sabon salo ne. Ta ce, "Salon Rabo?" Ta ɗauki tulunta ta fita. Mata ba a ɓoye musu komai.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Na hango Rabo a sahu na uku. Da aka sallame na tsaya neman takalmin da ke ƙafata har ya fita.

A hanya mai shayin bakin tasha ya kira ni, mutane cike da benci. Ya kunna bidiyon yana nuna musu. "Ga shi nan, Zakari mai baki! Wallahi yanzu Rabo ba shi da suna sai Mai Tankaɗe." Suka yi ta dariya, wani yana bubbuga kafaɗata. Ni kuma na tsaya ina murmushi. Murmushi na yi. Ban ce su kashe ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, safe

Akwai abin da ban rubuta ba.

Na sani. Tun damina na gani. Ranar da muka dawo daga wani suna, yana ƙoƙarin riƙe wayarsa da hagu yana buɗe ƙofa da dama, wayar ta faɗi sau biyu. Ya dube ni, na kawar da kai, ya gane na gani. Bai ce ba, ban ce ba. Amana ce ba tare da an furta ba.

Saboda haka ranar Asabar ɗin can ba kuskure na yi ba. Kiɗa ya watse, idon mutane ya dawo kanmu, ni kuma ba na son a ɗauka bas ne ya ɓata. Na nuna musu inda za su duba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, azahar

Yatsana na tsakiya ya yi bororo, ya fashe. Na ci gaba. "Jaki" ya fara tafiya.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Piyanon ya iso daga Maraɗi, aro, don a gwada. Yazidu ya kira ni. Ya danna maɓalli, ganga ta tashi, tsaf, ba ta gaba ba ta baya. Muka bi ta da waƙa biyu. Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan: na ji daɗi. Ban taɓa yin kiɗa cikin kwanciyar hankali haka ba. Ina cikin jin daɗin idona ya faɗa kan ƙwaryar a gefen zaure, an ɗora mata kwalin piyano.

Na ce ya kashe. Na ce ya buga ƙwaryar da dunƙulen dama kawai, dum ɗin "Rijiya". Ya buga, ni kuma na cike. Ya tsaya.

"Sake."

Na sake. Na yi masa "Jaki" ma. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Shi ya san kana wanga abu?"

"A'a."

"Kuma kana tsammanin ba shi ganewa? Rabo?"

Na ce mutane dai ba za su gane ba. In an ajiye ampli, akwatin da sautin bas ke fitowa, a bayan Rabo, ta hagu, na ƙara kaifin sauti, kowa zai ɗauka daga ƙwarya yake fitowa.

Ya ce ya yarda da sharaɗi biyu. Piyano zai bi mu a mota, in abu ya watse zai kunna shi nan take, kuma daga ranar an gama. Na biyu, shi ba zai roƙi Rabo ba. Wanda ya kore shi, shi zai dawo da shi.

Laraba, 30 ga Oktoba, hantsi

Da me zan dawo da shi? Ba zan iya roƙo ba, ba zan iya ba da haƙuri ba. Abu ɗaya gare ni a hannu, wanda na yi ɓarnar da shi.

Na same shi a kasuwar bisashe tsakanin dillalai. Da gangan na zaɓi wurin mutane. Na ɗaga murya.

"Barana, an ce an kawo piyano ka ruga ka ɓoye cikin awaki. An ce tsoron Mai Yara kake."

Aka fara dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ni?" ya ce. "Ina kiɗa kana tsotson yatsa. Ka gaya ma Yazidu shi shimhiɗa mani bargona. Kai kuma ka wanke kunnenka, ko Allah ya sa ka bi ni daidai sau guda kahin ka mutu."

Aka yi shewa. Na juya ina dariya, na zagaya bayan turken raƙuma na tsaya inda ba mai ganina.

Alhamis, 31 ga Oktoba, azahar

Saura "Moto Ya Ƙi Tashi", waƙa ta uku, mai sauri, wadda abin ya faru a cikinta. Ba a gama biki ba ita, mata ba za su yarda ba.

Na iya saurin. Abin da ya gagare ni shi ne wurin. Kas ɗin Rabo a nan ba ya faɗuwa inda lissafi ya ce, yana jinkirta shi kaɗan, ɗan mitsitsi, kamar mai ɗaga ƙafa ya tsallake kwata. In na buga daidai sai waƙar ta zama ta piyano. In na jinkirta sai in wuce. Na mayar da wurin baya ya fi sau talatin.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, la'asar

Sau uku cikin goma nake samu. Gobe ne.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Jiya ban iya rubutu ba.

Rabo ya bi motar kaya tare da Yazidu, ni na bi su a moto, wato babur ɗina. Mutanen Mai Yara sun share fili gaban rumbuna, sababbin damman gero jibge a gefe, mata sun ci ado. Aka tayar da gurup, injin wuta. Na ajiye ampli inda na ce, a bayansa ta hagu. Ya dubi amplin, ya dube ni.

"Yau kuma a kunnena za ka yi haukanka?"

Na ce don ya ji yadda ake kiɗa. Ya zauna, ya zura zobbansa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na ƙarshe. Piyano na cikin mota, ƙofar a buɗe.

"Rijiya" ta tafi lafiya. Hannun yana bugawa, ni ina ƙarƙashinsa a hankali, inda ya yi rauni in ɗan ƙara. Na fara tunanin ma ko ba a bukatata.

A tsakiyar "Jaki" hannun ya kama. Na gani ta gefen ido, yatsun suka ɗaga ba su sauka ba. Kas-kas ɗin ya fito duk da haka, a wurinsa. Masu rawa ko gezau. Rabo ya dubi hannunsa da ke sama, bai taɓa komai ba. Ya juya kai kaɗan wajen ampli. Bai dube ni ba. Gumi ya jiƙa mini riga, kuma ba na rana ba ne.

Da Yazidu ya ɗauko "Moto Ya Ƙi Tashi" mata suka yi guɗa suka cika fili. Na ce a raina yanzu zai ɗora hannun a kan ƙwarya, ya riƙa motsa shi, in rufa masa asiri. Don haka na yi sati biyu ina wahala.

Sai ya ɗauke hannun gaba ɗaya. Ya ɗora shi a kan gwiwarsa, a fili, gaban kowa, yana rawarsa yadda ya ga dama. Ya ci gaba da dunƙulen dama kaɗai.

Ya bar mini kas ɗin duka, ba wurin ɓuya. Zagaye na farko na yi gaggawa, na ji waƙar ta yi tsalle, na ga Yazidu ya waiwayi mota. Rabo ya ƙara wa dum nauyi, ya ja shi baya kaɗan, kamar yana riƙe ni da igiya. Na biyu na kusa. Na uku na faɗa wurin. Daga nan ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Wasu sun ga hannun a kan gwiwa, na ga suna nuna wa juna, suna neman inda ƙarar take fitowa. Ba wanda ya yi dariya. Rawa ba ta tsaya ba sai da ladan ya kusa kiran magariba.

Muna naɗe wayoyi Yazidu ya zo, ya rufe ƙofar mota da ƙafa.

"Akwai suna Tagriss ran sha shida. Ku biyu. Ba ni ɗaukar guda ba guda."

Motar za ta kwana a can saboda direba ɗan garin ne. Rabo ya ce shi gida zai kwana, zai bi ni. Muka yi sallah, muka je inda na jingina moto a bayan rumbu, ba kowa sai mu. Yana cire zobba da haƙori yana zubawa a aljihu.

"Tun yaushe?"

Na ce sati biyu.

"Wa ya koya maka?"

Na ce shi. Daga waya.

Ya gyaɗa kai. Ba ya murmushi, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba idan yana magana da ni.

"Shekara goma sha huɗu kana tsaye bisa kaina, Zakari. Sai da hannun ga ya lalace ka saurare shi."

Na buɗe baki. Wallahi haƙurin ya zo har kan harshena. Ya ɗaga hannun dama ya tsayar da ni.

Na hau moto na tayar, ya hau baya. Hanyar rairayi ce, dole na baya ya riƙe da hannu biyu. Na ji ya kama rigata da dama, na ji hagu ya zo ya zame, ya sake zuwa ya zame. Sai ya warware rawanin da ke wuyansa ya miƙo mini ta kan kafaɗa.

"Ba shi riƙewa. Ɗaure ni a bayanka, kar ka zubda ubangidanka cikin ƙaya."

Na zagaya rawanin ta bayansa, na ɗaure mu tare a cikina, ƙulli biyu. Ya sa hannun hagun tsakanin rawanin da haƙarƙarina don kar ya yi ta lilo. Tun daga Mai Yara nake jin shi yana rawa a jikina, bai tsaya ba ko sau ɗaya, kuma Rabo bai janye shi ba.

A haka muka shigo Dakoro.